Buhu Nawa Ne Ɗan Mutum?

A ƙananan majami'un ƙasar Hausa, bencin ƙarshe yana da ma'anarsa. Wanda dattawa suka sa a ƙarƙashin horo can yake zama. Zai ji wa'azi, zai sa baiko, amma in aka zo Jibin Ubangiji sai faranti ya tsallake shi. A gaban jama'a ake sanar da laifin, a gaban jama'a ake yanka wa'adi, don haka kowa ya san dalilin zaman kowa da watan da zai tashi. Shi ya sa al'amarin wani dattijo a wata 'yar majami'a ta ƙasar Kirikasamma ya daɗe yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Ba a taɓa jin an sanar da laifinsa ba, ba a taɓa jin an yanka masa wa'adi ba, ga shi kuwa ya haura shekara ashirin a bencin nan.

Aikin koyarwa ne ya kai ni yankin, 'yan shekaru bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991. Masu bi a can ba su da yawa: gidaje kaɗan na 'yan ƙasa, sai baƙi irinmu, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da 'yan tireda masu sarin kaya daga Haɗejiya. Ba a jima ba aka damƙa mini littattafan ikilisiya. Baba, haka kowa ke kiransa, shi ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke yaɓe bangon da damina ta zubar, kuma ba a taɓa riga shi zuwa gaisuwar mutuwa ba, ta Kirista ko ta Musulmi. Amma ranar jibi, da zarar fasto ya fara karanta gargaɗin nan na Bulus ga Korintiyawa a kan mai ci da sha ba da cancanta ba, sai Baba ya sunkuyar da kai, ya cusa hannuwansa cikin riga, har a gama.

Amsar da baƙi ke fara bayarwa ita ce mata biyu. Ba su yi wauta ba, don ta wannan ƙofa dattawa da yawa suka isa bencin baya. Tun tsakiyar ƙarni na 19 ake ja-in-ja a kai. Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Landan, ya tsaya kai da fata cewa ba za a yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma ba, shi kuwa Bishop Colenso na Natal a Afirka ta Kudu ya ce korar matar da ba ta yi laifin komai ba zalunci ne. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya goyi bayan Venn: mutumin ya ci gaba da ɗaukar koyarwa, amma baftisma sai ranar da ya rage da mace ɗaya. Sai a 1988, bayan shekara ɗari cif, taron ya sassauta, ya ce a karɓe shi da matansa da 'ya'yansa bisa sharuɗɗa, ciki har da kada ya ƙara aure muddin ɗaya daga cikinsu tana raye. 'Yan mishan da suka yi aiki a Arewa, har waɗanda ba Angilikan ba, galibinsu tsohon layin suka bi, ikilisiyoyin da suka gaje su kuma suka riƙe shi. Na san abin da dokar take so ta kare, amma an saye ta da tsada, kuma mata ne suka fi biyan kuɗin.

Sai dai littafin da ke hannuna ya rushe wannan zance. Sunan Baba yana cikin waɗanda aka yi wa baftisma tun yana saurayi, aurensa ɗaya, matar kuwa ta rasu kafin zuwana, bai sake ba.

Amsa ta biyu a ƙasa-ƙasa ake faɗarta. Yatsun hannun hagun Baba guntaye ne, biyu na dama kuma sun lanƙwashe. Kuturta ta kama shi yana matashi, aka kai shi tashar mishan ta Garun Gabas kusa da Malam Madori, daga can ya hau jirgin ƙasan Nguru zuwa Kano, ya sauka a Yadakunya. Tarihin masu bi na ƙasar Hausa ba ya cika sai an ambaci wuraren nan. Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. A 1937 aka miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM kula da sansanonin kutare na En'e a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda aka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Da fari allurar wani man itace daga Indiya ake yi, mai zafin tsiya da ƙarancin amfani. Wajen 1950, bayan gwajin da Dakta John Lowe ya yi a Uzuakoli a Gabas, ƙwayar dafson ta bazu, ta fara tsayar da cutar da gaske. Da yawa sun warke sun koma gida da addininsu na gado. Kaɗan sun koma da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, a cikin jakarsu. Baba yana cikin kaɗan ɗin.

To, ko kunyar hannun ce ta hana shi miƙa shi cikin farantin da kowa ke sa hannu? Na kai tambayar ga tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a zumuntar mata.

"Ɗana, wa ya faɗa maka haka?" in ji ta. "Da ya dawo daga Yadakunya tare muke ci. Shi ma yake zagayawa da farantin, da hannun nan nasa, ba wanda ya taɓa ɗauke kai."

"To yaushe ya daina, Iya?"

"Shekarar da ya sayar da jirginsa. Kada ka ƙara tambayata. Abin da mai shi bai faɗa ba, ba a bakina za a ji ba."

Wanda bai san ƙasar ba ba zai ji nauyin maganar nan ba. Kogin Haɗejiya, in ya wuce birni, ba ya riƙe hanya ɗaya. Rarrabuwa yake yi, wani reshe ya bi ta Marma har tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, ruwa ya malale fadamun su Baturiya da Madaci. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, balle ta Challawa a 1992, ambaliyar Agusta da Satumba takan yanke ƙauyuka daga juna har tsawon watanni. Yanzu madatsun sun canja halin kogin, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, amma a wancan zamani mai fito shi ne hanya, shi ne gada, ba kasuwa ba asibiti sai ta hannunsa. Mai fito ba ya rabuwa da jirginsa haka kawai. Na kuma tuna wani abu da nake gani ban ba shi muhimmanci ba: Baba ba ya shiga jirgi. In ruwa ya tare hanya, gara ya zagaya ta tudu, ko da tafiyar za ta cinye masa yini.

Saura zato guda, ko wani fasto na da ya sa shi a horo, ya tafi bai ɗage ba. Na zazzage tsofaffin littattafan taron dattawa, waɗanda gara ta ci gefensu. Ga sunayen waɗanda aka hora saboda giya, da cikin shege, da faɗa a kasuwa, kowanne da watanninsa, kowanne da ranar da aka mai da shi. Babu sunan Baba. Abin da na tarar ma kishiyar haka ne. Fastoci daban-daban sun aika dattawa su kira shi teburi, magatakardan kowane zamani kuma abu ɗaya ya rubuta: ya ce tukuna. Ashe ba wanda ya kai shi bencin nan. Shi ya kai kansa, kuma yana jiran wani abu ya cika.

Bakin zaren daga gidansa ya fito. Babban ɗansa, wanda muke shiri da shi, ya zo mini da wani ƙorafi da ba shi da alaƙa da majami'a.

"Malam, akwai ɓarawon da ya san gidanmu. Duk kaka, in muka gama sussukar shinkafar fadama, buhu ɗaya sai ya yi ƙafa, kuma mafi kyawun. Tun ina yaro haka ake yi. Baba da ke ƙirga tiya ɗaya-ɗaya, ko tambaya ba ya yi. Har shekarar yunwar 1984 sai da buhun nan ya ɓace. Ba don shinkafar da dangin Inna suka riƙa aiko mana daga wajen Gashuwa ba, da ban san yadda za mu yi ba."

Na tambaye shi su waye dangin nan. Ya yi jim, ya ce bai taɓa ganinsu ba. Ko da Inna ta rasu, ba wanda ya zo gaisuwa daga Gashuwa.

Jaki ne ya ƙarasa mana binciken. Bayan girbi muka kora jakin Baba zuwa kasuwar wani ƙauye da ke tsallaken fadama, za mu ɗauko kaya. Muna shiga gari sai ya saki hanyar kasuwa, ya karkata wani lungu, ya je ƙofar wani gida mai dangar kara ya toge. Ɗan Baba ya yi tsawa, ya ɗaga sanda, jaki ya ce bai san zance ba. Sai muka ji muryar tsohuwa daga ciki.

"Kai, kada ka doke shi! Dusarsa yake nema. Wannan ai da dare yake zuwa, yau kuma me ya fito da shi da rana?"

Ta leƙo, ta ƙare wa abokina kallo, ta ce fuskar ubansa ce sak. Ta sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa. Gwaggo, kamar yadda muka kira ta, Musulma ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta yi mana rowar labari ba, ina jin ta gaji da riƙe shi ita kaɗai.

Ranar kasuwa ce, ruwa ya cika maƙil, la'asar ta yi sakaliya, ga hadari ya haɗo daga gabas. Mutane suka yi ta roƙon mai fito ya kwashe su gaba ɗaya, don sun san in ya tafi ba zai dawo ba sai gobe. Ya ƙi, suka matsa, ya yarda. A tsakiyar ruwa iska ta taso, jirgi ya kife. Shi ya yi ta nutso yana tsamo mutane da guntayen yatsun nan har ya fitar da kowa, ban da ɗanta mai shekara bakwai. Washegari aka same shi a cikin ciyawa. A satin nan mijinta ya tsaya gaban dagaci ya ce ƙaddara ce, ba ya karɓar diyya, sun yafe duniya da lahira. Da kaka ta yi, suka wayi gari da buhun shinkafa a ƙofar gida.

"Gwaggo, yaya aka yi kika san shi ne?"

"Ɗaurin bakin buhun mana. Mai yatsu goma ba ya ɗaure igiya haka. Da haƙori yake ja, sawun haƙoran yana nan a jikin igiyar kowace shekara."

Shekarun farko sadaka take yi da ita saboda yaron. Da farin 1973 ya zo, ta ji labarin gidan mai fito ba a ɗora tukunya kullum, sai ta nemi wata mai tallan daddawa ta haɗa ta da matarsa. Suka ƙulla: za a riƙa mayar da shinkafar kaɗan-kaɗan a cikin wani buhu dabam, matar ta ce daga danginta ne na Gashuwa. Haka aka sake yi a 1984, da duk shekarar da ruwa bai zo ba ko tsuntsaye suka cinye gona. Abokina ya kasa cewa uffan. Tuwon da ya rayu da shi yana yaro, wanda ubansa ya ci ya yi godiya ga surukan da babu su, shi ne biyan da uban ke ɗauka da tsakar dare.

Na sami Baba a gona bayan 'yan kwanaki, yana gyaran kunya. Ban yi masa kwana-kwana ba, na ce jaki ya kai mu. Ya ajiye fartanya ya zauna.

"Baba, saura buhu nawa?"

"Malam, kai da ka yi karatu, faɗa mini. Buhu nawa ne ɗan mutum?"

Na ce ai ya fi ni sanin wa'azin alheri, tun ba a haife ni ba yake jinsa. Ya ce ya sani. A Yadakunya an wanke masa gyambo, an ba shi magani, an gaya masa Almasihu ya karɓe shi yadda yake, bai biya ko anini ba, kuma ya gaskata har gobe. "Amma waccan cuta ce ta same ni. Wannan ni na yi. Na san abin da jirgina ke ɗauka, na ƙara mutum uku, na karɓi taro-taro nasu na sa a aljihu. Da wane hannu zan ɗauki gurasar?"

A nan ne na ga abin da ya fi ba ni tsoro a lamarin. Duk wata shari'a da aka rubuta tana da ma'auni. A Musulunci, kisan kuskure yana da diyya, wadda dangi ke da ikon yafewa, da kaffarar azumin wata biyu a jere, sai a rufe magana. A Attaura an keɓe biranen mafaka shida, wanda ya kashe rai ba da niyya ba ya gudu can, ranar da babban firist ya mutu ya koma gidansa. Horon dattawanmu ma, duk tsananinsa, watanni ne. Dokar da mutum ya kafa wa kansa ce kaɗai ba ta da ranar cika, don shi ne alƙali, shi ne mai ƙara, shi ne wanda ake tuhuma, kuma alƙalin ba ya taɓa cewa ya isa. Baba bai fi mu rashin bangaskiya ba. Abin da yawancinmu ke yi a ɓoye shi ya yi a sarari: mu shiga ta ƙofar kyauta, sannan mu zauna a ciki muna aikin ƙodago don mu biya kuɗin zama. Wannan ne ya fusata Bulus a kan Galatiyawa, mutanen da suka soma da baiwar Allah suka koma neman ƙarasawa da ƙarfin damtsensu. Ɗan nan na cikin misalin Luka sura 15 ma da irin wannan shiri ya nufo gida, a ɗauke shi ɗan ƙodago, uban kuwa bai bar shi ya kai ƙarshen jawabinsa ba.

Nassin da ke sa Baba ɓoye hannu ma ba da irinsa yake ba. A Korinti masu hali ne ke riga talakawa cin abincin zumunci, wani ya ƙoshi har ya bugu, wani ya tashi da yunwa, wannan rainin ne Bulus ya kira rashin cancanta. Mun ɗauki gargaɗin da aka yi wa masu girman kai muna karanta wa masu karyayyar zuciya kowane wata ba tare da bayani ba, kuma alhakin wannan yana wuyanmu masu karatu.

Kada a ce na raina shinkafar. Yaron ya mutu, uwarsa har lokacin tana lissafin shekarun da zai kai da yana raye, alheri kuma ba ya cewa ba abin da ya faru. Zakka mai karɓar haraji ya mayar da abin da ya ƙwace har ninki huɗu, amma bayan Yesu ya riga ya sauka a gidansa ne, bai sayi saukar da shi ba. Manomin fadama ya san wannan jeri fiye da kowa. Ruwan da ke rayar da shinkafarsa a ƙasar Kano da tuddan kudu ya sauka, a gonakin mutanen da bai sani ba, ya gangaro ya same shi. Yana noma, yana shan wahala, amma bai taɓa zaton gumin goshinsa ne ya jawo kogin ba.

Duk wannan na faɗa masa, fasto ma ya faɗa, ya saurare mu da ladabi, ya ce tukuna. Wadda ta iya da shi ita ce Gwaggo. Ta aiko jikanta cewa tana son ganinsa, da rana, ta ƙofa. Ɗansa ya raka shi, shi ya ba ni labari.

"Malam," in ji ta, "ni na yafe maka tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba, maigidana ya faɗa a gaban dagaci kana tsaye. Kai ne ka ƙi karɓa. Kana tsammani sauƙi kake kawo mini? Duk shekara in na fara samun natsuwa, sai in buɗe ƙofa in ga buhunka, ranar nan ta dawo mini sabuwa. Kuma bari in gaya maka, rabin abin da ka kawo cikinka ya koma, da na 'ya'yanka. Ba ka da surukai a Gashuwa. Ɗana ba na sayarwa ba ne, balle ka ce kana biya. Ka bar ni in huta, kai ma ka huta."

Ɗan ya ce bai taɓa ganin hawayen ubansa ba sai ranar, kuma abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Na karɓa, Yaya. Na gode."

A taron dattawa na gaba wani ya kawo shawarar a tsai da shi gaban jama'a a sanar an mai da shi. Fasto ya ce me za a ɗage, tunda ba a ɗora ba? Aka ɗan yi gardama, aka bar shi. Ranar jibi ta gaba ya ci tare da mu, 'yan watanni bayan haka kuma aka mayar masa da aikinsa na da, zagayawa da faranti.

Da damina ta sake kewayowa Gwaggo ta kwanta rashin lafiya, ruwa kuma ya rufe hanyar tudu. Baba ya sayi goro da sukari, ya gangara mashiga, inda wani yaro ke fito. Ya shiga ya zauna, ya dubi bakin jirgin, ya ƙirga kawuna, ya ce wa yaron mutum biyu sun yi yawa. Ba wanda ya motsa. Sai ya tashi, ya kama hannun ɗansa suka sauka, suka jira sawu na biyu.